"Ai da yardarta": abin da kotu ke karɓa da wanda ba ta karɓa a shari'ar fyaɗen yara

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya taɓa zama a kotu a Katsina ranar da aka kawo mai laifin lalata da ƙaramar yarinya, ya san maganar da ake fara ji: "Ai da yardarta." Wani ya ce kuɗi ya ba ta, wani ya ce talla ta kawo masa har ɗaki. To, bari mu ga ko doka na sauraron wannan.

Tushen dokar laifuffuka a Arewa shi ne Final Kod na 1960. Sashe na 282 ya ce saduwa da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba fyaɗe ne, ta yarda ko ba ta yarda ba. Sashe na 283 kuma ya kai hukuncin har ɗaurin rai da rai. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ƙara matsawa: yaro a wurinta shi ne wanda bai kai 18 ba, kuma sashe na 31 ya toshe ƙofa biyu, ta "da yardarta" da ta "na ɗauka babba ce". Sai dai wannan doka ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Katsina ta yi tata dokar kare yara a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Maƙwabtanmu na Kaduna kuwa, a 2020 har dandaƙa suka sa a doka ga wanda ya yi wa ƴar ƙasa da 14 fyaɗe.

"Sharrin shaiɗan ne" fa? Alƙali ba ya rubuta wannan. Maye ma haka: wanda ya sha da kansa, shi ya jiyo. Doka tana duba wanda aka ɗura wa abin maye ba da saninsa ba ne kawai. Alkawarin zai aure ta, ko sulhun da aka yi a zauren mai unguwa, ba ya goge laifin, don ƙarar ta gwamnati ce, ba ta uban yarinya ba.

To mece ce kariyar da doka ta sani? Kaɗan ce. Akwai taɓin hankali, idan an tabbatar wa kotu cewa a lokacin bai san abin da yake yi ba, kuma faɗa da baki bai isa ba. Akwai ƙuruciya: ɗan ƙasa da shekara 7 ba a kama shi da laifi, wanda bai kai 12 ba kuma sai an duba ko hankalinsa ya kai. Sai wanda ya ce ba ya wurin ma a ranar, ya faɗi inda yake tun a hannun ƴan sanda. Kuma tsarin mulki na 1999, sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Wannan daidai ne, don ƙazafi ma yana faruwa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 209, ta ce yaron da bai kai 14 ba yana ba da shaida ba rantsuwa, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa ita kaɗai sai da wata hujja da ta ƙarfafa ta. Wace hujja? Rahoton likita, tufafin da ke jikinta, wanda ya ga shigarta ɗakin. Su ne kuwa abin da muke ɓatarwa da hannunmu. Uwa ta ruɗe, ta yi wa yarinya wanka, ta gasa ta da ruwan zafi, ta wanke zanen. Dangi su zauna kwana biyar ana "a rufa asiri, wa zai aure ta". Kafin a je asibiti, babu abin da likita zai gani. A ganina, wannan ya fi kowane lauya kuɓutar da masu laifi.

Don haka iyaye, idan abin ya faru, Allah ya kiyaye, kada a yi wanka, kada a wanke kaya. A kai ta asibiti nan take, don maganin rigakafin cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Daga nan sai ofishin ƴan sanda. Namiji ne aka yi wa, hanyar ɗaya ce.