Jawabin Maraba Ga Baba Rabaran A Ikilisiyar Masu Jin Hausa Ta Agege, Legas

Baba Rabaran, Mama, tawagar da ta rako ku daga Jos, dattawan ikilisiya, Zumuntar Mata, matasa, da maƙwabtanmu da suka zo taya mu tarbar baƙo, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Baba, sannunku da hanya. Zumunta a ƙafa take, ga shi kun tako. Wanda ya sha cunkoson Berger kafin ya iso Agege ya cancanci ruwan sanyi fiye da dogon jawabi, don haka ba zan ja ba.

Garin da kuka sauka ba baƙo ba ne ga tarihin bishara a Arewa. A nan Ikko masu bishara Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a watan Disamba na 1893 da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato yankin kudu da Sahara da ya haɗa da Arewacin Najeriya ta yau. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans da Kent sun rasu. Ba su ga ikilisiya ko ɗaya ba, amma bangaskiyarsu ta sa su tafiya. Yau ga jikokin wannan aiki sun biyo hanyar a juye, muna sujada da Hausa a Legas, da Littafi Mai Tsarki da aka fara bugawa cikakke a harshenmu a 1932.

Baba, mun ji kun zo koyar da mu kan bangaskiya da kyawawan ayyuka. Kun zo a kan gaɓa. Legas gari ne na "yi aiki a biya ka", har wasunmu sukan ɗauka Allah ma haka yake, su riƙa lissafin baiko kamar masu zubin adashe. Afisawa 2:8-10 ta warware mana: ceto kyauta ne ta wurin alheri, ba ladan aiki ba, amma an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Wasiƙar Yakubu kuwa ba ta ɓoye ba, bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce.

Mun gane ma'anar wannan a 2022, lokacin da gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida. Samarinmu da dama suka wayi gari ba sana'a. A ce wa mai jin yunwa "Allah zai buɗa" abu ne mai sauƙi. Zumuntar Mata ba su tsaya nan ba: suka ɗora tukunya, suka ciyar da duk wanda ya shigo, ba su tambayi addinin kowa ba. 'Yan kasuwarmu na Mile 12 suka ɗauki wasu a rumfunan tumatir da albasa. Sai dai, a faɗi gaskiya, mu maza mun fi ƙarfi wajen taron kwamiti.

Roƙonmu ɗaya ne, Baba. Sababbin zuwa daga gida suna watse a Idi-Araba da Apapa da Obalende, babu mai bin sawunsu. Ku taimaka mana da mai bishara mai jin Hausa, mu kuma za mu ɗauki nauyin ɗakinsa da abincinsa.

Bagadi naku ne. Bayan sujada, iyayenmu mata sun tuƙa tuwo da miyar kuka, sun ce kada ku koma Jos kuna cewa Legas ta sa mun manta girkin gida.