Matar da aka mayar da sunanta "A.A."

Ku kawo wani hoto a ranku. Shuɗi ne kamar yadin da aka tsamo daga marina, ga farar ciyawar teku a tsakiya, har ƙananan rassanta a bayyane. Ba da kyamara aka ɗauke shi ba. Rana ce ta zana shi.

Mai aikin sunanta Anna Atkins, 'yar Ingila, an haife ta a 1799. Takan shafa wa takarda ruwan sinadarin ƙarfe, ta bar ta ta bushe a cikin duhu, ta shimfiɗa ciyawar a kai, ta danne da gilashi, ta kai rana. Inda haske ya taɓa ya koma shuɗi, inda ciyawar ta rufe ya zauna fari. Sai ta ɗauraye da ruwa, shi ke nan. Abokin mahaifinta John Herschel ne ya ƙirƙiro dabarar a 1842, ita kuma a Oktoban 1843 ta fara fitar da littafinta kan ciyayin tekun Biritaniya. Shi ne littafi na farko a duniya da aka yi da hotuna, ya riga na Henry Fox Talbot, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, wanda littafinsa ya fara fitowa a 1844.

Ku lura, babu injin buga hoto a nan. Kowane shafi na kowane kwafi da hannu ta yi shi, hotuna wajen 400 a kwafi ɗaya, ta kwashe shekara goma tana yi.

To me ya sa ba ku taɓa jin sunanta ba? A littafin haruffa biyu kawai ta sa: A.A. A 1889, bayan rasuwarta, wani William Lang da ya samu kwafi ya yi hasashen cewa ma'anarsu "Anonymous Amateur" a Turance, wato "ɗan koyo marar suna". Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Talbot ana ta ambatonsa a littattafan tarihi, ita shiru. Ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society, inda mahaifinta yake mamba, ba ta karɓi mace ba sai 1945.

Binciken masanin tarihin hoto Larry Schaaf, wanda ya fito a 1985, ya dawo da ita idon jama'a, marubuta mata irin su Naomi Rosenblum kuma suka shiga tono sauran matan da aka tsallake. A 2015 Google ya sa zanen shuɗayen ganyenta a shafinsa na farko, ranar da ta cika shekara 216 da haihuwa.