Wa Ya Ƙara Wa Tayar Iska A Hanyar Tsafe?

Da sassafe a Gusau, tsakiyar bazara, mai faci ya ɗora geji a kan tayarka, allura ta tsaya a 32. Ka kama hanya, rana ta take, kwalta ta yi zafi kamar kaskon tuya. Kana isa Tsafe aka sake aunawa, sai ga 36 har da ɗoriya. To, wa ya ƙara mata iska?

Ba kowa. Iskar da ke ciki ƙwayoyi ne mitsi-mitsi da ido ba ya gani, kullum cikin kai-komo suke suna dukan bangon tayar. Wannan dukan shi ne matsin da geji ke nunawa. Da sun ji zafi sai gudunsu ya ƙaru, dukan ya yi ƙarfi, ga shi taya ba ta da wurin buɗewa sosai.

Inda wuri ke buɗewa kuwa, labari ya canja. Ajiye balan-balan a rana, sai ta ƙara kumbura. Wani Bafaranshe, Jacques Charles, ya yi nazarin haka wajen 1787. Kafin shi, a 1662, Robert Boyle ya nuna cewa in ka matse iska ta koma rabin wurinta, zafinta bai canja ba, matsin zai ninka. Toshe bakin famfon keke da yatsa ka danna, hannunka zai gaya maka.

Amma ga inda ɗalibai ke tuntuɓe. Zafin tayar ya tashi daga digiri 27 zuwa 57, ya fi ninki, me ya hana matsin ninkawa? Ai a wannan lissafi ba daga sifilin da muka saba ake fara ƙirga ba, sai ka ƙara 273, wato ma'aunin Kelvin, wanda ke farawa daga ƙarshen sanyi. Kenan daga 300 ne zuwa 330, ƙarin kashi goma cikin ɗari kacal. Shi ma gejin ba ya haɗawa da matsin iskar waje, kusan 15. Haɗa shi da 32 ɗin ka ɗauki kashi goma cikin ɗari, za ka tarar da ƙarin kusan 5.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga direba ya faka da tsakar rana yana sace iskar taya, wai kada ta fashe. Malam, da ta huce za ta koma ƙasa da 32, kuma taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwashewa tana ɗaukar zafi har ta yi bindiga. In za ka auna, auna da safe kafin motar ta motsa.