Kan jirgin da ke tafiya da babur a cikinsa: laccar da aka gabatar a Maraɗi

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, iyayena da ke zaune a gaba, abubuwa uku zan faɗa game da kan jirgin ƙasa mai aiki da lantarki wanda hukumar jiragen ƙasa ta Afirka ta Kudu ta sa wa suna 9E, kuma ta fara aiki da shi a 1978.

Na farko shi ne aikinsa. Tama yake ja a wancan lokacin, wato dutsen da kakanninmu maƙera suke narkawa su fitar da ƙarfe, daga ma'adinin Sishen zuwa tashar jiragen ruwa ta Saldanha, tafiyar kilomita 861, mafi yawanta a busasshiyar ƙasa inda gari yake da nisa da gari. Saboda wannan nisa ne aka ba wayar da ke saman layin ƙarfin bolt 50,000, ninki biyu na 25,000 da ƙasashe da yawa suke amfani da shi, domin idan ƙarfin ya yi yawa wutar da ke lalacewa a hanya takan ragu, sai a rage yawan tashoshin da ake ginawa a daji.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne babur. E, babur na ce, kada ku yi dariya tukuna. An yi wa kan jirgin wani akwati a ƙasansa, aka ajiye ƙaramin babur a ciki, saboda ayarin taragun yana da tsawon da idan wani abu ya samu tarago na can baya, direba ba zai iya takawa da ƙafa cikin rana ya je ya dawo a kan lokaci ba. Sai ya sauke babur ya bi gefen dogo. Ku duba fa: inji mai jan dubban tan, amma ranar matsala ɗan kabu-kabu ne mai ceto! Daga baya ayarin ya kai taragu 342, kusan kilomita 4, kun ga babur ba almubazzaranci ba ne.

Na huɗu... a'a, na uku ke nan ko? To, Alhaji ya ɗaga hannu.

Alhaji yana tambaya ko layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai dace da irin wannan kai. Ranka ya daɗe, shimfiɗa waya a kan dogo kuɗi ne masu yawa, kuma ba ta biyan kanta sai inda kaya masu nauyi suke bi dare da rana, kamar tamar Sishen. Mu albasa da wake da dabbobi muke da su, kuma kowannensu da lokacinsa. Sannan wutar da ke kunna fankar ɗakin nan ma daga wajen Katsina take zuwa, kuma kun ga sau biyu ta ɗauke tun da na fara magana.