Me ya sa aka haɗa ɗan sanawi da ɗan mutawassid a rukuni ɗaya?

Assalamu alaikum. Tun makon jiya muryar wata Hajiya take yawo a zaurukan WhatsApp na iyaye a Jidda da Makka. Ɗanta yana ajin ƙarshe na sanawi, wato babbar sakandare a Saudiyya, ta kai shi sansanin Turanci na hutu, sai ta tarar an zaunar da shi tare da yaran mutawassid, wato ƙaramar sakandare. Ranta ya ɓaci, kuma na fahimce ta. Hajiya, ki ba ni minti huɗu.

[Ƙofar makaranta, yara suna sauka daga mota]

Sansanin na jeka-ka-dawo ne, ba a kwana. Ana farawa da sassafe a tashi kafin azahar, don zafin Jidda a watan Yuli ba abin wasa ba ne. Ko ma'aikata hukuma ta hana su aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, balle yara. Lahadi zuwa Alhamis, maza daban, mata daban. A yi shi ƙarƙashin makaranta ko cibiya mai lasisi, kada a kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, kawai a tara 'ya'yan mutane. Ruwan sanyi, wurin alwala, lambar wayar uba ko uwa, da sunan wanda zai zo ɗaukar yaro. Wannan duk kowa ya gane.

[Malami da yaro ɗaya, tebur a tsakani, hoto a kai]

To ga inda ake samun saɓani. Ranar farko ba a koyar da komai, ana sauraro ne, don a raba yaran rukuni-rukuni gwargwadon yadda suke magana da Turanci. Kalli teburin nan, babu biro, babu takardar jarrabawa. Malami ya ajiye hoton kasuwa, ya ce wa yaro da Turanci: gaya mini abin da kake gani. Minti biyar kowane yaro.

Abin da malamin yake nema shi ne ko yaron zai iya ci gaba da magana bayan jimlar farko. Ya ce ga mutum yana sayar da dabino, madalla. Aka tambaye shi me ya sa matar can take dariya, zai ƙirƙiro amsa ko zai sunkuyar da kai? Aka ce ya ba da labarin abin da ya yi jiya, zai iya faɗin maganar a sigar abin da ya wuce? Idan kalma ta ɓace masa, zai kewaya ya bayyana ta da wasu kalmomin, ko zai tsallaka Larabci?

Yaranmu na nan da harsuna biyu suka tashi, Hausa a gida, Larabci a makaranta da titi. Turanci kuwa darasi ne na wasu awoyi a mako, kuma sai a 2021 aka fara koyar da shi daga aji ɗaya na firamare a makarantun gwamnati. Saboda haka za ka ga babban yaro yana cin maki mai kyau a nahawu, ya cike gurbi daidai, amma bakinsa bai taɓa motsawa da Turanci ba. Ƙaninsa kuma, mai kallon ƙwallo da sharhin Turanci a waya, zuba yake yi kamar famfo, ko da rubutunsa cike yake da kurakurai.

Lafazi ba ya cikin abin da ake aunawa a ranar. Larabci ba shi da harafin P, mu kuma Hausawa mukan mayar da shi F, don haka pen takan fito ben a bakin wani, fen a bakin wani. Za a gyara wannan da wasa, har da takarda a gaban baki a ga ta motsa in an furta P.

Akwai ma'aunin ƙwarewar harshe mai suna CEFR da aka fitar a Turai a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2. Da shi malamai da yawa suke raba rukuni, kuma babu ruwansa da shekaru ko aji.

Ni a ganina, cutarwa ce a jefa yaron da bai fara magana ba cikin masu zuba don kawai sa'o'insa ne. Zai yi mako biyu bai ce uffan ba, kunya ta rufe shi. Amma Hajiya tana da gaskiya a wuri ɗaya: saurayi ɗan shekara 17 yana da girman da ya kamata a kiyaye masa. Malami mai lura zai nema masa ko da mutum biyu tsaransa a rukunin, ya ba shi shugabancin tawaga, kuma ba zai kira rukunin da sunan masu rauni ba. A sa musu sunan launi ko na gari.

[Yara suna wasan saye da sayarwa da riyal na takarda]

Sauran kwanakin ga su nan kuna gani: kasuwar wasa, muhawara, wasan kwaikwayo, tambayar hanya. Masu niyyar komawa jami'a a Najeriya, ku tuna Turanci wajibi ne a JAMB, sai a ware musu awa guda ta karatu da rubutu.

Kuma rabon ranar farko ba a kafe yake ba. Rana ta uku malamai sukan zauna su sake dubawa, don wani yaron tsoro ne ya ɗaure masa harshe a gaban baƙon malami. Hajiya, ranar Talata ki je da kanki ki tambayi ustaz abin da ya ji daga bakin ɗanki, ki ce ya nuna miki takardar da ya rubuta a kansa.