Shuɗin tsuntsun Amurka ba ya cin tsaba

Wannan lacca ce da wani ɗan uwa mazaunin jihar Ohayo ya gabatar a zaman Hausawan yankin a ƙarshen watan Fabrairu. A waya aka ɗauke ta, aka rubuta, aka rage maimaici kaɗan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

Da shugaba ya kira ni ya ce in yi magana yau, ya ɗauka kan haraji zan yi, tunda nan ne wajen cin abincina. Na ce masa a'a, Alhaji, kan tsuntsu zan yi. Ya yi shiru har na zaci layi ne ya yanke. (Dariya.) Amma yawancinmu yanzu Allah ya hore mana gida mai ɗan fili a baya, kuma abin da kawai muke yi da filin shi ne yankan ciyawa ranar Asabar muna tsaki.

Tsuntsun da nake nufi Turawa na ce masa bulubad, wato shuɗin tsuntsu, ni kuma a gidana Shuɗi muke ce masa. Ya ɗan ɗara gwara girma, bai kai kurciya ba, nauyinsa wajen giram 30. Namijin bayansa shuɗi ne shar kamar an tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata, ƙirjinsa kalar jar ƙasa, cikinsa fari. Macen ta fi dusashewa, toka-toka ce da ɗan shuɗi a fiffike da wutsiya. Abin mamaki, babu baba ko ɗigo a gashin nan. Yadda Allah ya tsara ƙirar gashin ne ke mayar da hasken rana shuɗi a idonka, shi ya sa in ka gan shi a inuwa sai ka rantse wani tsuntsun ne daban. Iri 3 ne a nahiyar nan: na gabas, wanda shi ne namu, da na yamma, da na tsaunuka. Jihar Niyok da Misuri sun ɗauki na gabas a matsayin tsuntsun jiha, Aidaho da Nebada suka ɗauki na tsaunuka.

Wanda ya tashi a karkara a gida ya san tsanwaka. Za ka gan ta a kan waya ko busasshen reshe ta yi tsit, can sai ta sulalo ƙasa ta cafki fara ta koma inda ta taso. To haka Shuɗi ke farauta. Ba dangi ba ne, amma sana'arsu ɗaya, kuma duka biyun a kogo suke ƙwai. Ku riƙe wannan, don duk sauran maganata a kansa ta rataya.

Bari in fara da wautar da na tafka. Shekarar da na fara ganinsa a kan dangar maƙwabcina, sai na yi abin da kowane Bahaushe zai yi. Mu in muna son tsuntsu, tsaba muke watsa masa. Haka muka yi wa tattabaru, haka muka yi wa kaji. Na je kanti na sayo buhun abincin tsuntsaye, wanda rabinsa gero ne da ɓarzajjiyar masara, na cika mazubi, na kafa akwatin sheƙa kusa da shi. Har ina alfahari cewa tsuntsun Amurka zai ci geron Bahaushe. Shuɗi ya zo, macen ta yi sheƙa, ta saka ƙwai 4. Geron nan kuwa ko kallonsa ba su yi ba. Waɗanda suka amsa gayyatar su ne gwarare, garke guda. Wata safiya na buɗe akwatin na tarar da macen a mace a kan ƙwanta, an sassare mata kai, gwara kuma har ya fara jibga tarkacensa a kanta. Maƙwabcin nawa, wani dattijon Bature, ya leƙo ta danga ya ce, ai kai ka kira mata makashinta, ka kuma ciyar da shi. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Gwaran nan baƙo ne kamar ni da ku. (Dariya.) Daga Turai aka kawo shi, aka sake shi a Burukilin ta Niyok a farkon shekarun 1850. Sannan a 1890 wani mai suna Eugene Schieffelin ya saki wani baƙin tsuntsu ɗan Turai, dangin shaya, a babban lambun tsakiyar birnin Niyok. Yau babu jihar da ba ka ganinsu a nan yankin. Duka biyun a kogo suke sheƙa, kuma duka biyun sun fi Shuɗi faɗa. Shi kuwa bakinsa ba ya iya sassaƙa itace, sai dai ya jira tsohon ramin da maƙwaƙwafi ya bari, ko ruɓaɓɓen turken danga. Sai manoma suka koma kafa turakun ƙarfe, aka riƙa sare matattun itatuwa don tsabta, ga feshin maganin ƙwari ya yawaita. Gida ya yi wuya, abinci ya yi wuya. Kafin tsakiyar ƙarnin da ya wuce, akwai yaran ƙauye a ƙasar nan da suka girma ba su taɓa ganinsa ba.

Abin da ya dawo da shi akwatin katako ne. Wani mutumin Ilinoi, Thomas Musselman, shi ya fara jera akwatuna a bakin hanyoyin karkara yana bi yana dubawa. Daga baya Lawrence Zeleny ya yi rubutu a mujallar National Geographic a 1977, wasiƙu suka yi ta zuwa masa, a 1978 aka kafa ƙungiyar kula da tsuntsun ta Arewacin Amurka. Malaman makaranta ne da manoma da 'yan fansho suka yi aikin da guduma da ƙusa, har tsuntsun ya farfaɗo.

Ga akwatin nan na zo da shi, a miƙa shi baya kowa ya taɓa. Ku dubi ƙofar. Faɗinta inci 1 da rabi ne cif, wato santimita 3.8. Duk hikimar tana nan. Shuɗi zai shige, baƙin tsuntsun nan na Turai ba zai iya ba, ƙirjinsa ya yi faɗi. In kafinta ya ce bari ya ƙara maka ɗan faɗi don tsuntsu ya ji daɗin shiga, ka ce masa na gode. Gwara dai zai shiga, wannan sai da sa ido, zan zo kansa. Daɓen ciki inci 4 ne ko 5 kowane gefe. Katako zalla, kada a yi fenti a ciki. A bar 'yan kafofi a sama don iska, a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, gefe ɗaya kuma ya riƙa buɗuwa. Kun lura babu ɗan sandan nan da ake maƙalawa a bakin ƙofa a akwatunan ado? Da gangan ne. Shuɗi ba ya bukatarsa, gwara ne ke jin daɗin tsayawa a kai yana tsare ƙofa.

Kada a buga shi a jikin bishiya ko danga. Nan akwai rakun, dabbar nan mai baƙin tabarau da ke kifar mana da kwandon shara da dare, hannunta kamar na mutum, za ta zura ta kwashe ƙwai. Akwai maciji mai hawa, akwai kyanwar maƙwabta. A samu bututun ƙarfe mai santsi a kafa, akwatin ya kai kamar tsayin fuskarka, ƙafa 5 ke nan, a sa masa wani faffaɗan bututu a ƙasa mai lilo wanda in dabba ta kama zai yi ta karkaɗawa. A fili za a kafa shi, inda ciyawa take gajera, nesa da rumbun mota da kaji da kurmi. In da wata 'yar bishiya a gaban ƙofar, tazarar taku 20 zuwa 30, ya yi kyau, nan 'ya'yan za su fara sauka ranar da suka tashi. Kuma akwati 1 ya ishi gida irin namu, don namiji ba ya yarda da wani namijin kusa, sai an ba su tazarar kamar mita 90. Yanzu ne lokacin kafawa. Cikin Maris mazan ke yawon duba gida, wanda ya bari sai Mayu ya makara da zagayen farko na saka ƙwai.

Sai abinci. Kusan kashi 2 cikin 3 na abincinsa ƙwari ne: fara, gyare, buzuzu, tsutsa, gizo-gizo. Sauran 'ya'yan itatuwa ne, musamman da hunturu. Saboda haka babban mazubin abincinsa ita ce ciyawar bayan gidanka. In kana kiran masu feshi duk wata su kashe duk abin da ke motsi, ka rufe masa kasuwa, ko akwatin zinariya ka kafa ba zai zauna ba.

In kana son ka ƙara masa da hannunka, abin da yake so shi ne tsutsar dusa. 'Ya'yan wani baƙin ƙwaro ne, ana sayar da su a kantin abincin dabbobi, masu rai da busassu. Masu rai ya fi so nesa ba kusa ba. A firij ake ajiye su, sanyi ya sa su barci. Ni dai sai da na sayi ƙaramin firij na sa a gareji, don ranar da uwargida ta buɗe roba tana zaton daddawa ce, unguwa ta ji. (Dariya.) Hajiya, ki yi haƙuri, na faɗa. A zuba a kwano mai santsi mai ɗan zurfi don kada su rarrafo, a ajiye nesa da akwatin kaɗan, kada cin abinci ya tona asirin sheƙa. Lokaci ɗaya kullum, da safe. Ni fito nake yi in na fito, cikin mako 2 suka gane, yanzu kafin in ajiye kwanon suna kan waya.

Amma a yi hattara, tsutsar nan kamar alewa ce. Tana da ƙarancin sinadarin kalsiyam, in iyaye suka dogara da ita kaɗai ƙashin 'ya'yan ba ya ƙwari. Masana harkar na cewa kada a wuce kamar 15 ga kowane tsuntsu a rana. Inda take da amfani sosai shi ne in an yi kwana 3 ana ruwa da sanyi ga 'ya'ya a sheƙa, ƙwari sun ɓuya, ko kuwa in ɗaya daga iyayen ya mutu. Da hunturu kuma, tunda wasunsu ba sa ƙaura daga nan, ina narka kitsen shanu in cuɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin masara, in marmasa kamar dambu. Ba ranar farko suke karɓa ba, sai sun ga dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa.

Ruwa kuwa ya fi abinci saurin jawo su. Faranti mai faɗi, zurfin kada ya wuce gaɓar yatsa 2, a riƙa sauyawa saboda sauro. In ruwan na ɗiga, ɗis, ɗis, sun fi ganinsa. Mai hali kuma ya dasa itatuwan ƙasar nan masu ƙananan 'ya'ya, irin su dogwud da holi da sumak da jan sida, masu sayar da dashe duk sun san su. Malamai na nan, sun fi ni sanin hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci, sadaka ce gare shi.

Wanda ya kafa akwati ya ɗauki amana, sai ya riƙa buɗewa sau 1 a mako. Zancen da muka taso da shi cewa in ka taɓa sheƙa uwar za ta gudu, a kan wannan tsuntsun dai ba haka ba ne. Sheƙar Shuɗi kamar ɗan kwano take, busasshiyar ciyawa ce ko siraran ganyen bishiyar fayin, tsaf-tsaf, macen ce ke saƙawa. Ta gwara kuwa bola ce, gashi da leda da guntun takarda har rufi. Ƙwai 4 ko 5 ne galibi, shuɗi-shuɗi, jefi-jefi farare. Kwanci kamar mako 2, 'ya'yan kuma su yi kwana 16 zuwa 21 kafin su tashi. Daga kwana na 12 a daina buɗewa, kada su firgita su diro ba su isa ba. In sun tashi a kwashe tsohuwar sheƙar a kai shara, don sukan sake zagaye na 2, wani lokaci har na 3 kafin ƙarshen Agusta. Mai son rubuta abin da ya gani, jami'ar Cornell na da shirin NestWatch da ke karɓar irin wannan bayani daga kowa.

Na ga hannu. Bismillah, Baba.

Baba na tambaya ko za a iya kama ɗaya a sa a keji kamar kanari. Baba, Allah ya ƙara girma, a gida ne ake wannan. Nan akwai dokar tarayya tun 1918 da ta hana kama tsuntsayen ƙasar, ko ɗaukar ƙwansu, ko ajiye su. Tara ce mai nauyi. Kuma ko ba doka, mai cin ƙwari ne, ba zai rayu a kan gero ba.

Wata Hajiya kuma ta ce, to shi gwaran ba ran Allah ba ne? Rai ne, Hajiya, ni ma abin ya dame ni. Dokar nan ba ta kare shi ba tunda baƙo ne, akwai masu kafa masa tarko su kashe. Ni ban iya ba. Abin da nake yi, na daina zuba gero da ɓarzajjiyar masara kwata-kwata, sannan da na ga ya fara tara tarkace sai in kwashe tun bai kai ga ƙwai ba, kullum, har ya gaji. In ya nace, sai in toshe ƙofar da tsumma na mako guda. In unguwarku gwarare sun yi yawa ƙwarai, kamar kusa da manyan kantuna ko wurin dawaki, gaskiya kada ki kafa akwatin ma, ki tsaya a ruwa da dashe.

An ce lokacin Magariba ya gabato. Akwatunan da na zo da su guda 6 ne, suna bayan motata, da takardar awo ga mai son ya yanka nasa. Wanda ya ɗauka ya bar mini lambarsa, don zan kira shi cikin Afrilu in ji abin da ya gani a ciki. Wassalamu alaikum.