Sharhi: Zagayen tudu da tafki, tafiyar da ake rainawa

Masu sauraronmu, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau kan tattaki ne, amma ba irin na masu hawan manyan tsaunuka da igiya da jakar guzuri ba. Muna nufin 'yar turbar nan da ke ratsa kurmi, ta haura tudu, ta gangaro ta kewaye tafki, ta dawo da mutum inda ya faro. Masu doguwar tafiya ko a lissafi ba sa sa ta, a wurinsu miƙe ƙafa ne kawai.

To bari mu yi lissafin. A shekarar 1892 wani mai hawan tsaunuka ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo ƙa'idar da har yau matafiya ke amfani da ita: a ware awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A ce zagayen kilomita 3 ne, tsayin tudun kuma mita 120. Minti 48 ke nan, ban da tsayawa hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, don haka wanda ya yi zagayen sau uku saura masa minti 6 kacal. Haka nan a 2019 masu bincike a Jami'ar Exeter suka duba bayanan mutum kusan 20,000 a Ingila, suka ga waɗanda ke yin minti 120 a mako cikin itatuwa da sarari sun fi yawan cewa suna jin lafiyar jikinsu. Ko a zuwa ɗaya aka haɗa mintocin, ko a gutsuttsura, duk ɗaya.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda wuri ke sauyawa cikin 'yan taku. A saman tudu ƙasa busasshiya ce, saiwoyi sun fito fili, iska na kaɗawa. Gefen da rana ta fi bugawa ciyawarsa daban, gefen inuwa kuwa duwatsu sun lulluɓe da gansakuka. Da ka fara gangarowa za ka ji sanyi ya tarye ka, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, a kwari take taruwa. Sai warin ruɓaɓɓen ganye, sai kukan kwaɗi da ke ɗaukewa ɗif da zarar sun ji motsin ƙafa. Ka tsaya cak na ɗan lokaci, ɗaya zai gwada murya, sauran su amsa. In ka sunkuya ka dubi karan ciyawar bakin ruwa, wataƙila ka ga wani busasshen ɓawo maƙale, da ƙafafu shida, bayansa a tsage. Rigar mazari ce. Ya yi watanni, wani ma shekaru, yana farauta a ƙarƙashin ruwa, ranar da ya isa ya hau karan, ya fasa bayan, ya shanya fikafikai ya tashi. Mai sauri ba zai taɓa ganin wannan ba.

Sai dai Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya. Saboda hanyar gajera ce, mutum zai fito da silifa, babu ruwan sha, ga rana tana shirin faɗuwa, alhali duhu yana riga shiga kurmi kafin ya rufe fili. Gangara kuma ta fi hawa cin gwiwa, kuma jiƙaƙƙiyar saiwa santsinta ba kaɗan ba ne. Targaɗe ba ruwansa da tsawon hanya. Mai kare ya riƙe igiyarsa idan ruwan ya yi kore shar kamar an zuba fenti, domin akwai irin gansakukar da gubarta ke kashe dabba. An dawo gida a duba bayan gwiwa da hammata da gindin gashi saboda kaska. Idan an same ta, a kama ta daf da fata a ja a hankali, kada a murɗa, kada a ƙona.

Ɓarnar da ta fi damunmu kuwa ita ce wadda ake yi wa turbar kanta. Gajeriyar hanya ita ke ɗaukar ƙafa mafi yawa: yara, tsofaffi, masu gudu, masu ɗaukar hoto. Waɗanda suka tsara ta ba don wahalar da kowa suka sa ta yi ta lanƙwasa a jikin tudu ba. Kwana-kwanar nan ce ke rage wa ruwan sama gudu. Mutum ɗaya ya ga yanke ya fi sauƙi ya miƙe tsaye, goma suka bi sawunsa, ciyawa ta mutu, ruwan sama ya samu hanya. Bayan 'yan damuna wurin ya zama kwazazzabo, ƙasar da ya kwaso kuma cikin tafkin take zubewa, ta dagula ruwan, ta binne ƙwan kwaɗi da na kifi.

Haka abin yake a wurin taɓo. Kowa na tsoron ɓata takalmi, sai ya raɓa ta gefe, gefen ya zama taɓo, na baya ya ƙara matsawa. Turbar da faɗinta bai wuce taku ɗaya ba sai ta koma fili, tsirran bakin ruwa da ke riƙe gaɓar tafki su tafi. Shi ya sa masu kula da gandun daji ke roƙon a bi ta tsakiyar taɓon. Wanda takalminsa ba zai jure ba, ya haƙura sai ƙasa ta tsane.